Jinyar ƙwaƙwalwa ta intanet: a fara da daidaita suna

Duba lafiyar ƙwaƙwalwa daga nesa ya girmi intanet. Tun a 1959 wata cibiyar jinya a jihar Nebraska ta Amurka ta fara amfani da talabijin mai haɗa ɓangarori biyu, a 1964 kuma ta haɗa likitocinta da asibitin garin Norfolk. Annobar korona ta 2020 ce ta shigar da wannan hanya cikin wayoyin jama'a.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi buƙatarta. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. Ma'aikacin da aka tura wani lungu mai nisa da asibitocin Aro, Kware ko Maiduguri zai iya ganin likita ta waya ba tare da neman hutu ko fuskantar tsegumin ofis ba.

Sai dai har yanzu ba a daidaita sunaye ba. Likitan da ke rubuta magani daban yake da masanin halayyar ɗan Adam mai jinya ta tattaunawa, kuma su biyun daban suke da manhajar da ke ba da amsa da kanta. Idan duk aka kira su "likitan waya", majinyaci ba zai san wanda ya damƙa wa sirrinsa ba. Haka nan kalmar "hauka", da ake yaɓa wa ciwon damuwa da fargaba, tana korar masu buƙata tun daga bakin ƙofa.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sauran aiki yana wuyan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ya kamata ta zauna da masana harshe a tsayar da kalmomi cikin Hausa da sauran harsunanmu, ta tilasta wa kowane dandali nuna lasisin masu duba mutane, ta kuma tabbatar ana bin Dokar Kare Bayanai ta 2023. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa kuwa ta sanya ganawa ta waya cikin abin da take biya wa ma'aikata.

Masu rubuta wa ministoci takardun shawara suna da damar ɗora wannan batu a kan teburi, kuma muna kira gare su da su yi hakan.