Kwandansar fanka da mu masu alƙalami

Maƙalar wannan makon ta ɗan kauce wa zancen labari da waƙa da muka saba, a yi mana uzuri.

Duk wanda ya yi bazara a ɗakin haya ya san fankar nan. An kawo wuta, an murɗa makunni, sai ta tsaya tana gurnani, ba ta juyawa sai an sa sanda an tura fiffikenta. Mai gyara ya zo ya ce kwandansa ce ta mutu, ya cire wani ɗan abu da bai fi kwalin ashana ba ya sa sabo, fanka ta kama aiki. To a cikinmu mutum nawa ne zai iya rubuta sakin layi ɗaya da Hausa ya faɗi abin da ɗan abin nan ke yi, yadda ɗan sakandare zai gane?

Da zarar an tayar da zancen rubuta kimiyya da Hausa, sai mu faɗa gardamar suna. Wannan ya ce "ma'ajin lantarki", wancan ya ce "rumbun caji", a rabu dutse a hannun riga, bayanin kuma ba a taɓa shi ba. Ra'ayinmu shi ne, abin da masu sana'a suka riga suka raɗa wa suna a bar musu sunansu. Kwandansa ta zauna a bakin masu gyaran fanka da injin ban ruwa. Masu ƙyamar aro su tuna "maganaɗisu" daga Larabci muka samo ta, Larabawa kuma daga Girkanci. "Lantarki" ma asalinta sunan da Girkawa ke kiran wani busasshen ƙaron itace ne, wanda in aka goga shi yake jan ƙananan haki. Wa ya taɓa cewa ba Hausa ba ce?

Inda gumi ya kamata ya zuba shi ne bayani. A cikin kwandansa faranti biyu ne na ƙarfe, sirara ƙwarai, da leda a tsakaninsu don kada su taɓa juna, an naɗe su kamar tabarma. In aka haɗa su da wuta, caji fozitif ya taru a ɗaya, negetif a ɗayan. Suna jan juna, amma ba hanyar haɗuwa. Ƙarfin da aka ajiye yana nan a ɗan tsakanin da ido ke ganin ba komai.

Nan ne wahalar take. Turawa suna kiran abin da ke tsakanin da kalmar da ke nufin fili, mu kuma muka kwafo "filin lantarki". Amma Bahaushe in ya ji fili, fegi yake hangowa, ko wurin ƙwallo, wato wurin da ba kowa. Alhali abin da ake nufi wuri ne da wani ƙarfi ke mulki a cikinsa. Shi ya sa muka fi karkata ga "yankin iko". Ikon hakimi yana nan a ƙasarsa ko da ba wanda ke wucewa ta wurin, sai ka shiga ka ji shi a jikinka. Haka kowane caji yake da yankinsa: duk cajin da ya shigo, ko a ja shi ko a ture shi. Kuma ikon na raguwa da nisa bisa ƙa'ida. Wani Bafaranshe, Charles Coulomb, ya auna a 1785 cewa in nisa ya ninka biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Misalai kuwa ba sai mun je Turai ba. Da hunturu, iska ta bushe, ka cire rigar sanyi cikin duhu ka ga tartsatsi, ko ka taɓa ƙofar mota ka ji ta tsunkule ka. Caji ne ya taru a jiki ya rasa laimar da zai bi ya zurare. Busasshiyar iska na jure kimanin bolt 3,000 a kowace milimita, in aka wuce haka sai ta ba da hanya. Walƙiya ma hakan ce a babban sikeli: gindin hadari faranti ɗaya, ƙasa faranti na biyu.

Ɗaya ɓangaren shi ne yankin ikon maganaɗisu. A 1820 Hans Ørsted na ƙasar Denmak ya ga allurar kamfas ta karkata da wuta ta bi wayar da ke kusa da ita. A 1831 Michael Faraday ya nuna kishiyar haka a Landan: motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, wuta ta gudana. Ɗan janaretan mai shago da manyan injinan madatsar Kainji duk a kan wannan suke tafiya.

Yanzu sai fankar. Wutar gidajenmu ba hanya ɗaya take bi ba, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Naɗin waya ɗaya tilo zai ja gaba ya ja baya ne kawai, ba zai nuna wa fanka inda za ta nufa ba, shi ne gurnanin da muke ji. Sai aka sa naɗi na biyu a gefe, aka bi da wutarsa ta cikin kwandansa don lokacin bugunsa ya saɓa da na farko. Kamar lugude ne: taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na tashi. Da yake naɗe-naɗen ba wuri ɗaya suke ba, jan yana tashi daga wannan ya koma wancan, ya zagaye, fanka ta bi shi. In kwandansa ta mutu, sandar ce ke zaɓa mata hanya.

Kwatance dai yana da iyaka, kuma aikin marubuci ne ya faɗi iyakar. Da yawa muna son cewa kwandansa tankin ruwa ce. Ba laifi, sai dai mai karatu zai ɗauka da an rufe famfo an huta. Kwandansar da ke cikin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ko na'urar ɗumama abinci tana iya riƙe cajin da zai kashe mutum bayan an zare ta daga bango. Yaron da ke koyon gyara ya fi bukatar wannan jimlar a kan kowace sabuwar kalma da za mu ƙirƙiro.

Za a ce ai kimiyyar nan lissafi ce, ba ta marubuta ba. Faraday ɗin da muka ambata yaron shagon ɗinkin littattafai ne, bai yi zurfi a lissafi ba. Garin ƙarfe ya riƙa barbaɗawa a takarda bisa maganaɗisu, ya ga ya jeru layi-layi, ya bayyana abin da ya gani da kalmomi da zane. Daga baya James Maxwell ya zuba shi a lissafi cikin shekarun 1860. Da sunan Faraday ake auna kwandansa har yau, kuma 2.5 ɗin da ake yawan gani a jikin ta fanka kashi biyu da rabi ne cikin miliyan na farad ɗaya.

"Yankin iko" ma ba mu ce ta gama ba. Tana nuna wuri da ƙarfi, amma ba ta nuna cewa a kowane gurbi jan yana da inda ya fuskanta, kuma ikon hakimi yana da kan iyaka, na caji kuwa raguwa kawai yake yi. Wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo, amma ya kawo ta a cikin jimla, ya bayyana mana da ita dalilin da allon waya ke amsa yatsa ya ƙi amsa tsinken sakace.