Jami'ar Noma Ta Mubi: Da Wane Harshe Za Ta Yi Wa Manomi Magana?

Tun daga shekarar 2023 da aka kafa Jami'ar Noma ta Tarayya a Mubi, zancen da ya fi yawa a bakin 'yan boko bai wuce uku ba: wa za a naɗa, 'yan wace ƙaramar hukuma za a ɗauka aiki, kuma wa zai sami kwangilar gini. Ba laifi, kowane ɗaya daga cikinsu yana da nasa muhalli. Amma akwai tambaya ta huɗu wadda ta fi su nauyi, ita ce kuwa ake ta tsallakewa kamar ba a gan ta ba. Idan shaihunan malaman wannan jami'a suka gama bincikensu, da wane harshe za su gaya wa manomin Muchalla da makiyayin Maiha abin da suka gano? Kuma wane ofis ne a cikin tsarin jami'ar za a kama da laifi idan saƙon bai isa ba?

Na san wani zai ce ina ruwan malamin adabi da jami'ar noma, shi da bai san bambancin takin kamfa da yuriya ba. To, ruwana da tsaki ma. Ilmin da aka tara a harshen da mai buƙatarsa ba ya ji, daidai yake da rumbun da aka cika da hatsi aka liƙe bakinsa da laka, yara suna kwana da yunwa a gindinsa. Sha'anin isar da magana kuwa sana'armu ce.

Bari mu ɗan waiwayi baya, domin ba a Mubi aka fara ba. A ranar 1 ga Janairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa jami'o'in noma guda biyu, ɗaya a Makurɗi ƙarƙashin Farfesa Francis Idachaba, ɗaya a Abekuta ƙarƙashin Farfesa Nurudeen Adedipe. A 1992 aka ƙara ta uku a Umudike. Waɗanda suka tsara su sun ɗauko samfuri ne daga Amurka, inda wata doka ta 1862 ta ba jihohi filaye don kafa kwalejojin noma, aka biyo da dokar tashoshin bincike a 1887, sa'annan dokar malaman gona a 1914. Wato murhu ne mai duwatsu uku: koyarwa, da bincike, da kai sakamakon binciken ga manomi har gonarsa. An gina namu a kan wannan murhu, har Abekuta da Makurɗi kowacce ta buɗe cibiya ta musamman don faɗakar da manoma.

Me ya biyo baya? Sannu a hankali sai kwasa-kwasan akanta da aikin banki da gudanar da kasuwanci suka kunno kai a jami'o'in da aka kafa domin garma da shuka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibai sun fi rububin waɗannan fannoni, kuɗin shiga kuma yana bin yawan kawuna. Abin ya kai ga a 2017 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin a daina ɗaukar ɗalibai a fannonin da ba su shafi manufar kafa irin waɗannan jami'o'i ba, aka yi ta kai ruwa rana. Ta Makurɗi ma yau sunan Joseph Sarwuan Tarka take amsawa, kalmar noma ta fita daga allon ƙofa. Ba sai mun je nesa ba: Jami'ar Fasaha ta Yola da aka kafa a 1981 ta rikiɗe ta zama jami'ar kowane fanni a 2021. Ban ce mutanen Yola ba su da hujjarsu ba. Abin da nake nunawa shi ne, a ƙasar nan duk jami'ar da aka keɓe wa aiki ɗaya, tun ranar da aka raɗa mata suna take fara neman hanyar tserewa daga aikin. Gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah.

Mubi ba ta da uzurin bin wannan hanya. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1979, akwai Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002. Duk yaron da ke son ya zama akanta yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da ya bar garin ba. Abin da ya saura shi ne gidan ilmin da zai ɗauki gona da garke a matsayin abin da aka halicce shi dominsu.

Ƙasar kuwa ta cancanta. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ta Mubi ya ga yadda ake loda manyan motoci zuwa Kudu, da dabbobin da suka keto daga Kamaru da Chadi, ya san ba ƙaramin arziki ke ratsa garin ba. Ga fadamun kogin Yedzaram, ga masara da wake da gyaɗa da dawa. Can kuma a kan duwatsun Mandara akwai mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni don tare ƙasa da ruwa, dabarar da tana cikin abin da ya sa Hukumar UNESCO ta sanya Sukur ta ƙasar Madagali cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Waɗannan mutane ba su taɓa zama a aji an koya musu hana zaizayar ƙasa ba. Haka masu dasa masakwa bayan ɗaukewar damina, a ƙasar laka mai riƙe danshi wadda Fulani ke kira karal: dawa ce da ke nuna ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba. Jami'ar da ta zo irin wannan wuri tana tsammanin ita kaɗai ke ɗauke da ilmi, ta fara da ƙafar hagu. Akwai abin da za ta koyar, akwai wanda za ta koya, kuma duka biyun ta baki za su bi.

A nan ne gizo ke saƙar. Manomi yana da nasa ƙamus wanda ba a rubuta ba. Ya san jigawa, ya san fadama, ya san dabaro da fako da jangargari, kuma ya san abin da kowacce ke karɓa da abin da take ƙi. Makiyayi ya san sammore da boru da ciwon huhu da hanta, yana gane su tun kafin likitan dabbobi ya buɗe jakarsa. Idan baƙon abu ya zo, ba ya jiran taron masana kafin ya raɗa masa suna. Lokacin da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, manoma suka kira ta sharon, sunan kuma ya zauna daram. Irin gyaɗar nan da aka kawo daga Senegal, 'yar Dakar suka ce mata, aka wuce wurin. Su kuwa masana sai su fitar da ingantaccen iri su lanƙaya masa haruffa da lambobi, SAMMAZ kaza, SAMPEA kaza, su kuma yi mamakin yadda manomi ya kasa tambayarsa a kasuwa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Je ka rumfar masu sayar da maganin feshi ka ɗauki kwalba ɗaya ka duba. Bayanin da ke jikinta da Ingilishi ne, wani lokaci da Faransanci tun da muna bakin iyaka. An ce a zuba mililita kaza a lita kaza don hekta guda. Mai sayen kuwa da murfin kwalba da gwangwanin tumatir yake awo, gonarsa kuma da yawan tiyar irin da take ci ya san girmanta. Tsakanin waɗannan ma'aunai biyu akwai rami, a cikinsa ne ake asarar amfanin gona, a cikinsa ne kuma guba ke shiga tukunya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Waken da Bature ya ƙi, mu muka ci shi a ƙosai da alala. Alhali kuwa akwai buhun nan mai ninki uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ko ɗigon magani ba. Ilmin yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai tsuguna a gindin bishiya ya fayyace shi da harshen da uwar gida ke ji.

Za a ce ai wannan aikin malaman gona ne na hukumar jiha. Da ma haka ne. Shirye-shiryen raya aikin gona da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya sun yi rawar gani, har kowace jiha ta sami nata. Amma da bankin ya janye hannunsa sai babura suka mutu, tsofaffin ma'aikata suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Mai karatu ya tambayi duk manomin da ya sani yaushe rabonsa da ganin malamin gona a gonarsa. Jingina wannan nauyi ga hukumar da ke numfashi da ƙyar, wata hanya ce ta cewa kada a yi aikin.

Za a kuma ce kimiyya ba ta shiga Hausa. Wannan tsohuwar magana ce da ta daɗe da shan kashi. Tashar bincike ta Samaru tana nan tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma sashenta na faɗakar da manoma ya shekara da shekaru yana buga ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo da Hausa. Harshen da ya ɗauki fiƙihu da lissafin gado da ilmin taurari tun kafin zuwan Turawa, ba tazarar shuka ce za ta gagare shi ba.

Suka ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Mubi ba Kano ba ce. Ƙasar Fali ce da Gude da Njanyi da Higi da Margi da Fulani, kuma akwai masu ganin duk wani kira na a yi amfani da Hausa a matsayin wata dabara ta haɗiye ƙananan harsuna. Tsoronsu yana da tushe, domin akwai gidajen da jikoki ba sa iya mayar wa kakanninsu magana da harshen gado. Saboda haka ba cewa nake a ɗora Hausa a kan kowa ba. Hausa da Fulatanci su ne harsunan kasuwa, da su za a fi saurin isa ga jama'a masu yawa, sai a fara da su. Amma matar da ke noman gyaɗa a bayan Gella ta fi sakin jiki da harshen da take yi wa 'ya'yanta faɗa da shi, kuma sunayen ciyayi da na ƙasa da ke bakinta ba su cikin kowane ƙamus na Hausa. Jami'ar da ta tattara waɗannan ta adana, ta yi wa harshen Gude hidimar da Ingilishi bai taɓa yi masa ba.

Kada kuma abokan aikina su ɗauka ina nema mana sabon sashe ne inda za mu riƙa ba da digirin Hausa a jami'ar noma. Wannan shi ne ainihin cutar da na gama kuka da ita, don ta zo sanye da rigarmu ba za ta zama lafiya ba. Abin da nake kira a kafa shi ne cibiyar harsuna da faɗakar da manoma, mai kasafin kuɗinta na kanta, wadda daraktanta zai zauna a majalisar malaman jami'a kafaɗa da kafaɗa da shugabannin tsangayoyi. A nan za a haɗa masanin ƙasa da likitan dabbobi da mai nazarin harshe a kan tebur ɗaya. Kada wani bincike ya fita daga jami'ar sai da taƙaitaccen bayaninsa a harsunan yankin, a takarda da kuma murya, tun da waya ta shiga aljihun kowa. Kada kuma a yaye ɗalibi sai ya tsaya gaban manoma na gaske ya bayyana musu abu ɗaya daga cikin abin da ya karanta, su yi masa tambayoyi, a ba shi maki a kan haka.

Duk wannan zai tsaya a takarda muddin ba a taɓa ma'aunin ƙarin girma ba. A jami'o'inmu malami yana hawa ne da yawan maƙalun da ya buga a mujallun masana, da Ingilishi, galibi waɗanda ko abokin ofishinsa bai karanta ba. Wanda ya ɓata wata uku yana rubuta ɗan littafi kan yaƙi da wuta-wuta a gonar dawa, wanda zai ceci amfanin ƙauye goma, ba ya samun komai sai Allah ya yi albarka. Malami kuwa mutum ne mai iyali, inda aka zuba tsaba nan zai yi kiwo. Majalisar gudanarwa da ta malamai suna da ikon sanya wa irin wannan aiki maki, kuma yanzu ne lokacin yi, tun ba a yi yawa ba, tun kowa bai kafa sheƙarsa yana tsaronta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shugaban jami'ar tarayya shekara biyar yake yi, ba ƙari. Abin da aka saba shi ne idan zai sauka a lissafa gine-ginen da ya yi da yawan kwasa-kwasan da Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da su a zamaninsa. A Mubi ya kamata a ƙara wasu layuka a wannan lissafi: ƙauyuka nawa malamansa suka taka, da wane harshe suka yi magana, iri nawa manoma suka karɓa har suka raɗa masa suna da bakinsu. Garin da ya ga kisan ɗalibai a 2012, ya kuma faɗa hannun 'yan Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014 har mutane suka bar amfanin gona a tsaye suka tsere, ba ya buƙatar wata masana'antar buga takardun shaida ga matasan da za su koma zaman kashe wando.

Mu ma da ke sassan Hausa akwai abin da za mu iya farawa ba tare da jiran izinin kowa ba. Kowace shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna neman batun kundin digiri, mu kuma muna ta mayar da su kan jigo da salo a littattafan da aka riga aka tatse. A bana a tura biyar daga cikinsu kasuwar shanu da rumfunan 'yan hatsi da gonakin bakin Yedzaram, kowa da littafin rubutu da na'urar ɗaukar magana, su tattaro sunayen cututtukan dabbobi da na ciyayi da na ƙasa da na ma'aunai, da Hausa da Fulatanci da duk harshen da suka tashi da shi a gida.