Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Gasar Hoki ta NHL Game da Birnin Kebek



Haƙiƙa duk wanda ya nazarci tarihin ƙungiyar Nordiques ta wasan hoki na ƙanƙara, tun kafuwarta a birnin Kebek na Kanada a 1972, da kofin Avco da ta ci a 1977, da shigarta gasarku a 1979, da zuwan Peter da Anton Stastny waɗanda suka tsere daga Cekoslobakiya a 1980 suka ɗaukaka sunanta, ba zai rasa jin takaici ba bisa abin da ya faru a 1995, sa'ad da raunin dalar Kanada da ƙarancin kasuwa da tsufan filin Colisée suka zama hujjar sayar da ita da mayar da ita birnin Denver na Amurka, inda, da sunan Avalanche, ta ɗauki kofin Stanley a 1996 a ƙarƙashin jagorancin Joe Sakic, wanda mutanen Kebek suka yi haƙuri da shekarun shan kaye har ya ƙware.

Hujjar fili kuwa ta faɗi tun 2015, da aka buɗe sabon filin Centre Vidéotron wanda aka gina da dukiyar al'umma. Amma a 2016 kuka jingine buƙatar mutanen Kebek ta samun ƙungiya, kuka ba Las Vegas, alhali kuwa wannan wasa gadonsu ne tun kaka da kakanni.

Don haka nake roƙonku, bisa adalci, ku sake duba wannan buƙata, ku mayar wa Kebek ƙungiyarta da sunanta.

Wassalam.