Bishiyar Kirsimeti Daga Karan Gonarmu

 Da fatan ana shafa wa yara mai, ana kuma sa musu rigar sanyi kafin su fita makaranta.

Makon jiya na je gida Lajawa, na dawo da dami guda na karan dawa. Da za a ɗora shi a mota a Wudil, direban ya dube ni ya dubi karan, ya ce, "Hajiya, awaki kike kiwo a birni?" Na yi dariya kawai, don in na ce masa bishiya za a yi da shi, sai ya ɗauka na zautu.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wata abokiyar aikina da muke kwanan asibiti tare, Bahaushiya ce Kirista, iyayenta mutanen Wusasa ne ta Zariya. 'Yarta mai shekara 6 ta ga bishiyar Kirsimeti ta roba a wani babban shago a Kano, tun daga ranar ta hana gidan sakat. Uwar ta koma ta tambayi kuɗin, ta ji, ta fito ba ta ce komai ba. Ga ɗinki, ga shinkafa da kaji, ga kuɗin makaranta yana jira a Janairu. Wajen ƙarfe biyun dare muna shan shayi ta ce min ta yanke shawara za ta ci bashi ta saya, don ta gaji da ganin idon yarinyar. Na ce mata, "Anti, bashi a kan abin da za a naɗe bayan sati biyu a jefa saman durowa? Ki ba ni zuwa Asabar."

Na san mafi yawan masu bin wannan fili Musulmi ne kamar ni, kuma wata za ta ce ina ruwanmu. To, akwai 'yan uwanmu Kiristoci da ke karanta mu, sannan ciwon iri ɗaya ne. Wacece a cikinmu ba ta taɓa sayen furen roba da balan-balan na walimar sauka ko suna ba, kwana uku suka koɗe? Duk abin da zan faɗa a ƙasa zai yi miki aiki ranar Sallah ko walima, siffar kawai za ki canza.

Ita bishiyar ma al'adar wasu ce da yanayin ƙasarsu ya haifar. A ƙasar Jamus aka fara ta, wajen ƙarni na 16. Lokacin sanyinsu yawancin itatuwa kan kaɗe ganye, sai wasu 'yan kaɗan masu ganye kamar allura, su ne mutane ke sarowa su shigar ɗaki. A Ingila ta bazu ne bayan wata jarida ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu a gindin irin wannan bishiya a 1848. Wannan itace ba ya fitowa a ƙasar Kano, shi ya sa ta roba ake kawo mana, yawanci daga Sin. Kiristocin Indiya da dama reshen mangwaro ko ayaba suke yi wa ado. Na kuma tuna wa Anti cewa tsohuwar majami'ar garin iyayenta, wadda aka gina a Wusasa a 1929, da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa sak. Ta yi shiru, ta ce a ciki aka ɗaura auren kakarta.

Yanzu ga aikin. Ki zaɓi kara miƙaƙƙe mai kauri, wanda gara ba ta taɓa ba. Kafin ya shiga ɗaki ki baza shi a rana yini guda, ki bubbuga shi da sanda, don kunama na son kwanciya a cikin dami. Ki zare ganyen, ki goge da tsumma mai ɗan laima. Sai ki yanka shi gunduwa-gunduwa: na farko kamu biyu, na biye ki rage kamar yatsa uku, haka har ki kai wanda bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Mu guda 14 muka yi. Ki jera su a ƙasa kamar tsani, dogon a ƙasa, gajeren a sama, ki bar tazarar tafin hannu a tsakaninsu. Ki ɗaure kowanne da igiyar rama ta gefe biyu, igiyoyin su haɗu a can sama su zama maratayi. Ƙusa ɗaya a bango ta isa. Da kin ɗaga za ki ga siffar ta fito.

Abin da ya fi burge ni da wannan, a bango take. Ba ta cin wuri, wanda duk mai zaman ɗaki da falo ta san darajarsa, kuma in kin rataye ta sama mai rarrafe ba zai jawo ta kansa ba.

Ado kuwa ba mu sayi komai ba sai zare. Telan unguwa a wannan wata sharar ƙyallen atamfa yake yi, ya cika mana leda yana godiya. Muka yayyanka muka ƙulla a jikin karan. Na zo da zangarniyar jar dawa guda biyu da 'yan ƙananan ludaya daga ɗakin Inna, muka rataya. Tauraron saman, wani almajiri da ke yi wa Anti aike ne ya yi shi da sillen kara, irin yadda suke ƙera mota. Cikin minti goma ya gama, ya kuma fi duk abin da mu manya muka yi kyau.

In kina son mai tsayuwa da ƙafarta, ki nemi busasshen reshen darbejiya ko na mangwaro mai rassa da yawa, ki shafe shi da farar ƙasa, ki kafa a tulu ko tsohon bokitin fenti da kika cika da yashi. Yashin ya yi yawa, don nauyinsa ne ke hana ta faɗuwa. Kada ki ɗauko magarya ko aduwa ko bagaruwa, ƙayarsu daidai idon yaro take. Tumfafiya ma a bar ta, farin ruwanta na yi wa ido illa. Wadda kuma ba ta da lokacin duk wannan, ta sayi faya-fayai masu launi a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ta jera a bango: huɗu a ƙasa, uku, biyu, ɗaya. Jere ne irin na iyayenmu, kuma bayan biki sai su koma rufe kwano.

To, yanzu bari in sa farar rigata, don nan ne ainihin abin da ya sa na rubuta wannan.

Busasshen kara a hunturu abokin wuta ne. Kyandir, fitilar ƙwai, kaskon turaren wuta, garwashin jin ɗumi, maganin sauro mai hayaƙi, ko ɗaya kada ya kusanci bangon nan. Ƙananan fitilu masu walƙiya da ake jonawa a soket, in masu araha ne wayarsu siririya ce, takan yi zafi, musamman in aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare kowa na barci. Na ce wa Anti in dole sai an sa haske, ta ajiye 'yar fitilar sola a ƙasa ta haska bangon daga nesa. Ta yi, kuma inuwar karan a bango ta fi fitilun kyau. In tsautsayi ya sa yaro ya ƙone, ki zuba wa wurin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har tsawon minti 20, ki rufe da tsumma mai tsabta, ku taho asibiti. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da manja. Wallahi kankare waɗannan daga jikin ƙuna ya fi komai sa yaro ihu, mu ma ba ma son yi.

Abu na biyu ya fi ba ni tsoro, don shi ba ya hayaƙi. Kayan ado da na wasa masu ƙyalli da waƙa, da yawansu ɗan batir ne a ciki, mai faɗi kamar maɓallin riga. Yaro na ganinsa sai baki. In ya maƙale a hanyar abinci, yana iya fara ƙona naman wurin cikin awa 2, alhali yaron yana yawonsa, sai dai ɗan dalalar miyau ko ƙin abinci. Na taɓa karɓar wani yaro da aka kawo bayan kwana biyu ana ba shi maganin mura. Ba zan ba ki ƙarshen labarin ba. In kin ga yaro ya haɗiye, ko kina zargi kawai, kada ki sa shi amai, kada ki jira ya fito a kashi, ku nufi babban asibiti inda za a ɗauki hoto. In ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, ki ba shi zuma cokalin shayi 2 duk bayan minti 10 a kan hanya, kada ya wuce sau 6. Zumar rage ɓarna take yi kafin a isa, ba ta fitar da batirin. Jaririn da bai kai shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam.

Sai ƙananan abubuwa. Duwatsun ado, gyaɗa, wake, fasasshen balan-balan, duk mun sha ciro su daga hanci da kunne, wani lokaci daga inda ya fi nan muni. In akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan, duk abin da zai shige bakinsa kada ya hau bishiyar. Idon zakara kuwa, 'ya'yan nan ja masu ɗigon baƙi da yara ke tsintowa a jeji, kyansu ya sa 'yar Anti ta so a zura su a zare. Na hana. Guba ce mai ƙarfi in aka tauna, kuma huda su da allura ma fasa ɓawon ne. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu.

Da muka gama, yarinyar ta tsaya ta ƙare wa bangon kallo, hannu a ƙugu, ta ce ai ta shago koriya ce. Uwar ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon koren mayafi, muka yayyaga shi muka ƙara ƙullawa. Ta sake dubawa, ta ce saura kyauta a gindinta. Wannan kuma na bar su su ƙarata.

Ragowar karan na jingine a bakin ƙofa, kafin la'asar awakin maƙwabta sun gama da ganyen, don haka direban nan bai yi ƙarya ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba kaushi da fason ƙafa, da abin da ya sa man da kike shafawa ba ya kama su.