Ruɓaɓɓiyar Masara Ba Abincin Dabba Ba Ce

Jama'a manoma, akwai wata al'ada da ya kamata mu bari. In an zo gyaran masara, mai kyau a kai rumbu, wadda ta yi fumfuna kuwa sai a ce a zuba wa dabbobi, wai don kada a yi asara. To, wannan tsimin shi ne babbar asarar.

Ga dalili. A jikin mutum da doki da jaki da sa akwai wani irin maiƙo da masana ke kira sifingolifid. Yana cikin fatar kowace ƙwayar halitta ta jiki, ya kuma fi yawa a ƙwaƙwalwa, inda ya ke lulluɓe jijiyoyi. A cikin ƙwaƙwalwar ma wani likita Bajamushe, Thudichum, ya fara gano shi, ya bayyana a 1884. Jiki da kansa ya ke gina maiƙon nan daga waɗansu ƙananan tubala.

A 1988 masana a Afirka ta Kudu suka gano wani dafi, fumonisin, wanda fumfunar masara ke yi. Dafin ya yi kama da tubalan nan ƙwarai, saboda haka sai ya tsai da ginin. Tubala su taru su zama guba, maiƙon kuma ya kasa.

Doki da jaki su suka fi saurin kamuwa. Sai ka ga dabba ta ƙi ci, tana tangaɗi, tana kewaya wuri ɗaya, ba ta gani, ta mutu cikin 'yan kwanaki. In an buɗe kanta, sai a tarar ƙwaƙwalwa ta yi laushi. A 1989 dawaki masu yawa suka mutu haka a Amurka. Shanu sun fi juriya, amma juriya ba lafiya ba ce.

Wani zai ce ai sai a dafa. Dafuwar gida ba ta kashe dafin nan. Abin da ke rage shi tsincewa ne. Fumfunar tun a gona ta ke shiga, ta inda tsutsa ta huda, balle a shekarar fari. Saboda haka a girbe da wuri, a shanya a kan tabarma har ta bushe sarai, a fid da duk ƙwayar da ta fashe ko ta sāke launi, a ƙone ta ko a binne.

Mudu biyar na ruɓaɓɓiyar masara bai kai kuɗin jaki ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.