Ra'ayinmu: Jirgin Ƙarƙashin Teku Da Makomar Samarinmu

Shekaru da dama ke nan, in an jima kaɗan sai a ji an ta da zancen cewa ya kamata Rundunar Mayaƙan Ruwa ta Nijeriya ta mallaki jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku. Har yanzu dai ƙasarmu ba ta da ko guda ɗaya. A nahiyar Afirka ma ƙasashe uku ne kurum ke riƙe da rundunar irin waɗannan jirage, watau Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu. Amma tun da zancen ya ƙi mutuwa, wajibi ne mu dubi abin da zai haifar wa samarin da za a ɗora wa wannan aiki.

Mai yiwuwa ɗalibi a Saulawa, ko malamin ofis a Ikara ko Makarfi ko Kudan, ya ce me ya haɗa kifi da kaska, alhali kuwa daga gonakin rake da tumatir na wannan yanki zuwa bakin teku tafiyar yini guda ce cur a mota. To, sai a tuna cewa ƙofar shiga aikin tana nan cikin Jihar Kaduna. Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da aka buɗe a Kaduna a 1964 ita ce ke fara renon hafsoshin ruwa, kafin su wuce Onne ta Jihar Ribas. Kwalejin manyan hafsoshi tana Jaji tun 1976, makarantar koyon fasahar makamai ta mayaƙan ruwa kuma tana Kachia. Bugu da ƙari, 'yan Arewa sun sha riƙe wannan runduna. Murtala Nyako ya shugabance ta daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo daga 2021 zuwa 2023, sa'an nan aka naɗa Idi Abbas a 2025. Saboda haka babu wanda zai ce aikin ruwa gadon mutanen gaɓar teku ne su kaɗai.

Shi aikin ƙarƙashin teku ya sha bamban da na sauran jirage. Irin jirgin da Afirka ta Kudu ta saya daga Jamus mutum kamar 30 ne ke cikinsa. Yana da tankunan da ake cika wa da ruwa ya nutse, a hura musu iska ya taso. A sama injin dizal ke cajin batir, a ƙasa kuwa da batirin yake tafiya, kuma da kunne yake gane hanya da abokan gaba, ta na'urar sauraren sauti. Tun da kuskuren mutum ɗaya yana iya hallaka kowa, tilas ne kowane hafsa da kowane kurtu ya san aikin kowane bawul da ke cikin jirgin kafin a ba shi lambar shaidar ƙwarewa.

Alherin da ke cikin shiga sabon reshe irin wannan a fili yake. Waɗanda aka fara ɗauka su ake turawa kwas ƙasashen waje, su ne za su zama kwamandojin farko, su ne kuma malaman na baya. Ƙasashe da yawa suna ba ma'aikatan irin wannan jirgi alawus na musamman saboda wahalarsa. Ilmin lantarki da na injuna da mutum zai samu kuwa ba ya ƙarewa ranar ritaya, domin tashoshin jiragen ruwa da kamfanonin haƙar mai a teku kullum suna neman masu shi.

Sai dai kuma kada zaƙin zance ya rufe mana ido. Da fari, abin yana cin lokaci. Malesiya ta sa hannu a kan cinikin jirage biyu a 2002, ta aika da mutanenta Faransa koyo, amma ba ta karɓi na farko ba sai a 2009. Tailan ta buɗe hedkwatar rundunar ƙarƙashin teku a 2014, ta yi odar jirgi daga Sin a 2017, sai gardama a kan injin da za a sa masa ta tsai da aikin shekara da shekaru, hafsoshin da aka horar suna zaman jira. Na biyu, tsanin hawa ƙunci gare shi, gama ƙasar da ke da jirgi biyu kujerar kwamanda biyu ke gare ta. Na uku, akwai haɗari. Ajantina ta yi hasarar mutum 44 a 2017, Indunusiya ta rasa 53 a 2021, kuma a 2023 igiyar ruwa ta kwashe ma'aikata daga kan wani jirgin Afirka ta Kudu, uku suka rasu.

Mu ma muna da namu darasin. Aradu, babban jirgin yaƙin nan da aka ƙera mana a Jamus ya fara aiki a 1982, ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a tasha saboda rashin gyara. Jirgin sama da ruwa in ya lalace yana iya jira a janyo shi. Na ƙarƙashin ruwa in gyara ya yi ƙaranci, ran 'ya'yan mutane ne zai biya. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ma'aikatar ƙera jirage ta rundunar da ke Ikko ta fitar da Andoni a 2012, da Karaduwa a 2016, da Oji a 2021. Wannan alama ce cewa hannun mutanenmu yana faɗawa, kuma a kan irin wannan tushe ya kamata a yi gini.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya, in har da gaske take, ta fara da tanadin mutane da kuɗin gyara kafin ta yi cinikin ƙarfe. A rubuta ƙa'ida tun yanzu, yadda hafsan da ya ba da kansa ga wannan reshe zai iya komawa sauran jirage ba tare da tsararrakinsa sun wuce shi a muƙami ba, idan jirgin ya yi jinkirin zuwa.

Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan su ma da nasu nauyin. Ana raba guraben makarantar hafsoshi ne jiha jiha, amma gurbi ba ya amfanar yaron da bai ci lissafi da Turanci ba, fannin injiniya kuma ba ya karɓar wanda bai san fiziks ba. A wadata makarantun sakandare na karkara da malaman waɗannan darussa da kayan gwaji, a kuma riƙa sanar da lokacin cika takardun shiga ta bakin hakimai da dagatai da shugabannin makarantu.

Ku kuma ɗalibai, wanda zai shiga ya shiga don aikin sojan ruwa kansa, ya riƙe karatun injiniya ko na tuƙin jirgi da kyau. In jirgin ƙarƙashin teku ya iso, zai tarar da shi a shirye. In bai iso ba, yana da sana'ar da za ta riƙe shi, ƙasa kuma ta amfana. Ba a fafe gora ranar tafiya.