Mangwaro na ruɓewa a gindin icce, mu kuma muna sayen jus na kwali



Ranar Lahadi na je garkar kawuna a bakin Gulbin Maraɗi, wajen Madarunfa. Tun kafin in shiga, warin mangwaron da ya fara tsami ya tarbe ni. Icce shida gare shi, bana duk sun yi 'ya'ya har rassa na neman taɓa ƙasa. Ya saida, ya yi kyauta, ya aika ma dangi har Yamai, amma ƙasa shimfiɗe take da ruɓaɓɓe, tumaki ma sun ci sun gaji. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce, "Ɗana, mi za ni yi? Na kowa ya nuna lokaci guda. In na kai kasuwa, kuɗin amalanke ma ba ya fita."

A hanyar komawa na tsaya wata butik na sai ma yara jus ɗin mangwaro na kwali. Da na juya kwalin, sai na ga daga waje aka kawo shi. Wallahi kunya ta kama ni.

Ra'ayina shi ne, asarar da muke yi kowace shekara a watan 4 da watan 5 ba laifin kasuwa kaɗai ba ne. Mun ɗauka mangwaro abin ci ne na sati shida, in lokacinsa ya wuce sai baɗi. Alhali mu mutane ne da suka gaji shanya. Tumatir in ya yi yawa muna yin kauɗa. Ganyen albasa muna yin gabu. Kuɓewa, zogale, kuka, tattasan Diffa, duk busassu muke ajiyewa. Nama ma da ya fi komai saurin lalacewa mun mai da shi kilishi, har ana zuwa Madawa nemansa. Kakanninmu in ɗinya ta yi yawa sai su dafa ta su yi maɗi. To mi ya sa da aka zo kan mangwaro ilimin ya tsaya?

Maƙwabtanmu na Burkina Faso ba su tsaya ba. A yankin Bobo Julaso da Orodara da Banfora akwai wuraren busar da mangwaro masu yawa, mata ne akasarin masu aikin, kuma har Turai ake fitar da shi. Su da injin busarwa suke yi don kasuwar waje. Mu don cin gida da kasuwar unguwa, ranar da Allah Ya ba mu ta isa. Lokacin da mangwaro ke nuna shi ne lokacin da zafi ke wuce digiri 40, iska kuma a bushe. Zafin da muke kuka da shi kullum, a nan kam ma'aikaci ne na kyauta.

Aikin ba wuya. A zaɓi wanda ya nuna amma bai yi laushi ba. Mai aure, wato girefe, ya fi daɗin yanka don ba shi da zare sosai. A wanke shi, a wanke hannu da wuƙa, a feƙe, a yanka fale-fale kamar rabin santimita. Kada a shanya a ƙasa. A jera bisa faifai ko raga, a ɗora saman wani abu mai tsawo, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Don Allah kada a yi amfani da gidan sauro mai magani, wannan na kwana ne, ba na abinci ba. Da yamma a shigar ɗaki. Kwana 2 ko 3 ya yi. Alamarsa ya lanƙwashe kamar fata, in an matsa ba ruwa. Sai a zuba cikin kwalba mai murfi, a ajiye inda ba rana, zai yi watanni. Wadda ke da halin sukari tana iya yin konfitur: kilo 1 na tsokar mangwaro, giram 700 na sukari, ruwan lemun tsami guda, a dafa har ya yi kauri, a zuba da zafinsa cikin kwalbar da aka tafasa. Duka biyun ba ruwansu da firigo, balle a ce kuran ya ɗauke.

Da na taɓo zancen nan a shirinmu, wani mai saurare ya bugo ya ce, "Malam, wa zai sayi busasshen mangwaro? Mutanenmu ba su saba ba." Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Sai an yanka fiye da kilo 10 kafin a samu kilo 1 busasshe, kuma da an fara ruwa iska ta yi laima, sai ya yi fumfuna. Ke nan aiki ne na gaggawa, ba kuma zai mai da kowa attajiri ba. Amma ni ban ce a fara da kasuwa ba. A fara da gida. Mangwaro na da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jikin yara. A watan 7 da watan 8, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yaron da aka damƙa ma yanki biyu ya fi wanda aka sai ma alewar leda. In yara suka saba, kasuwa za ta biyo baya da kanta.

Akwai kuma abin da masu garka ya kamata su ji. Wanda ya faɗo aka bar shi, a cikinsa tsutsar ƙudan mangwaro ke girma, ta shiga ƙasa, ta fito ƙuda ta koma kan wanda ke bisa icce. A tsince shi kullum, a bizne cikin rami mai zurfi, ko a ƙulle cikin baƙar leda a bar shi a rana.

Kirana ga ƙungiyoyin mata na Maraɗi, Matamaye, Mirriya da Gaya: ku je wajen masu garka tun yanzu ku daidaita, su ba da mangwaro, ku ba da aiki, a raba. Kawu ya yarda, matan gidansa sun riga sun shanya faifai uku. In ya bushe zan kawo situdiyo mu ɗanɗana, in gaya muku gaskiyar yadda ya fito.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya hana mu wulaƙanta abin da Ya hore mana.